Gabar Siyasa Ta Kori Masu Zaɓe Daga Rumfa a Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya a Jihar Kano, wato yadda gabar siyasa ta raba jama'a gida-gida, har ta kai ga mafi yawan masu katin zaɓe sun gaji sun daina zuwa rumfa. Ba ni da katin kowace jam'iyya, kuma duk shugaban da zan ambata a wannan wasiƙa zan ambace shi ne a kan abin da ya aikata a bainar jama'a, ba don in ci mutuncinsa ba.

Zan fara da alƙaluman hukumar zaɓe. Kafin zaɓen 2023, INEC ta sanar da cewa mutum miliyan 5.9 ne ke da rajista a Jihar Kano. A zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris 2023, Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705, kuma ko an haɗa da abin da sauran 'yan takara suka samu, jimillar ba ta wuce kimanin miliyan 2 ba. Ma'ana, a cikin kowane mutum uku masu rajista, biyu sun zauna a gida, a zaɓen da aka shafe watanni ana ce mana na ko a mutu ko a yi rai ne. Haka abin yake a ƙasa baki ɗaya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 an ce kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito, a 2011 suka koma kusan kashi 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kuwa kusan kashi 27, domin daga cikin mutum sama da miliyan 93 masu rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Shugaba Bola Tinubu ya hau kujerarsa da ƙuri'a miliyan 8.8 ne a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200.

Wani zai ce alƙaluman baya cike suke da aringizo, kuma na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ce ta rage shi, sannan kundin rajistar kansa yana ɗauke da sunayen matattu da na waɗanda suka yi ƙaura. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta share komai ba. Duk wanda ya daɗe yana zaɓe a rumfa ɗaya ya ga yadda layi ya riƙa gajarta, kuma ya san maƙwabtan da a da su ne ke tashin mutane da asuba su je su kama layi, yanzu kuwa ranar zaɓe ta zame musu ranar hutu.

Ana yawan cewa lalaci ne ko rashin wayewa ya hana talaka fita. Ban yarda da wannan zargi a kan mutanen Kano ba. Su ne suka kwana a rumfuna da cibiyoyin tattara sakamako a 2003 da taken a kasa, a tsare, a raka, har suka kayar da gwamna mai ci suka ɗora Malam Ibrahim Shekarau, wanda a lokacin ba shi da wani ƙarfin aljihu da za a ambata. Su ne suka ba Muhammadu Buhari ƙuri'a miliyan 1.9 a 2015, adadin da ya yi kusan daidai da abin da dukkan 'yan takarar gwamna suka samu a haɗe bayan shekara takwas. Mutanen da suka yi wannan ba za a kira su malalata ba. A ganina, abin da ya zaunar da su a gida shi ne sun lura cewa rigimar da ake gayyatarsu su shiga ba ta shafi rayuwarsu ba, rigima ce ta wane da wane, kuma waɗanda ake yin ta dominsu ba su riƙe ta da zafin da mabiyansu suka riƙe ta ba.

A dubi tafiyar manyan da sunayensu suka zama tutar ɓangarori. Rabi'u Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje sun yi takara a kan tikiti ɗaya na PDP a 1999, gwamna da mataimaki, suka sake dawowa tare a 2011, kuma a 2015 Kwankwaso ne ya miƙa wa Ganduje mulki, su duka da jar hula a ka. Sai a 2016 ɓaraka ta fito fili, daga nan aka samu Kwankwasiyya da Gandujiyya suna kallon juna a matsayin abokan gaba. A watan Nuwamban 2013 Kwankwaso ya bar PDP ya shiga APC, jam'iyyar da Shekarau yana cikin waɗanda suka kafa ta, sai Shekarau ya fice ya koma PDP a 2014, har ya zama ministan ilimi. A 2018 suka yi musaya, Kwankwaso ya koma PDP, Shekarau ya koma APC. A watan Mayun 2022 aka gan su a inuwa ɗaya ta NNPP ana murna, kafin watan Agusta ya ƙare sun sake raba gari. Sauya ra'ayi ba laifi ba ne, kuma kowa yana da 'yancin shiga jam'iyyar da ya so. Abin da nake tambaya shi ne, a duk wannan kai-kawo, yaushe ne ɗaya daga cikinsu ya fito ya ce ya bar jam'iyya kaza saboda sun saɓa a kan yadda za a kai ruwan famfo unguwanni, ko yadda za a biya malaman firamare, ko harajin da ake karɓa a kasuwanni? Abin da ake faɗa kullum shi ne ba a yi mana adalci ba, an ƙwace mana jam'iyya, an hana mutanenmu takara.

A ƙasa kuwa, wurin mabiya, abin ba wasa ba ne. A unguwarmu akwai majalisar da dattawa da matasa suka shafe shekaru suna zama bayan sallar la'asar, tabarma ɗaya, butar shayi ɗaya. Tun daga rikicin zaɓen 2019 ta rabu biyu, masu jar hula suka koma ƙofar wani shagon ɗinki, sauran suka zauna a inda suke, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taku ashirin ba. Na halarci zaman makoki a wannan layi inda wasu suka tsaya a bakin titi suna jira sai 'yan ɗaya ɓangaren sun tashi kafin su shiga su yi gaisuwa, alhali mamacin maƙwabcinsu ne su duka, kuma a sahu ɗaya suka sallace shi. Akwai wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya da ba sa ga maciji saboda abin da ɗaya ya rubuta a Facebook game da ubangidan ɗayan. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane da aka taɓa ba kwangila ko muƙami, kuma iyayen gidan nasu, idan suka haɗu a ɗaurin auren 'ya'yan manya a Abuja, hannu suke ba juna ana ɗaukar hoto. Hausawa sun riga sun faɗi irin wannan, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba ina nufin siyasar da ta fi ta yanzu sanyi ba ne, domin tarihi bai ce haka ba. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, 'ya'yanta sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai, an kori wasu daga garuruwansu, an saki wa wasu 'yan bangar da ake kira 'yan Mahaukata, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama saboda ra'ayinta. Aure ya mutu saboda NEPU da NPC, an ƙi bin wasu limamai salla. Sai dai idan ka tare ɗan NEPU a wancan zamani ka tambaye shi a kan me yake shan wannan wuya, zai lissafa maka: zaluncin masu karɓar haraji da jangali, aikin tilas, shari'ar da ba ta sauraron talaka, da 'yancin zaɓen wakili kai tsaye. Ɗan NPC ma yana da amsarsa, cewa idan aka rushe tsarin sarauta da gaggawa Arewa za ta watse, kuma Kudu da ta riga mu ilimin boko za ta mamaye komai. Ko ka yarda da wannan ko ka yarda da wancan, akwai abin da ake jayayya a kansa, kuma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali kamar yadda aka yi alkawari. Wanda ya jefa ƙuri'a ya ga abin da ta haifa a aljihunsa.

Wancan zamanin ma ya nuna mana inda gaba take kai mutane idan ta wuce gona da iri. Majalisar Dokokin Kaduna da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa har ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981. A Kano PRP ta dare biyu, Santsi da Taɓo, almajiran Malam Aminu Kano suka koma jifan juna. Ranar 10 ga Yulin 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara a kan siyasa. Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu, Sabo Bakin Zuwo ya zo a 1983 ya soke su. Kafin shekarar ta ƙare soja sun karɓi mulki, kuma mutane da yawa ba su yi kukan rabuwa da 'yan siyasa ba, saboda sun riga sun ƙosa da su.

Abin takaici shi ne bayan kusan shekara arba'in aka sake bin wannan hanya sawu a kan sawu. A watan Mayun 2019 gwamnatin Ganduje ta raba masarautar Kano, ta kafa Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, sannan ranar 9 ga Maris 2020 ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II ta naɗa Aminu Ado Bayero. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar da NNPP ke da rinjaye ta soke waccan doka, gwamnatin Abba ta mayar da Sanusi, Aminu Ado ya dawo gari ya sauka a gidan Nasarawa, aka wayi gari da mutum biyu kowanne ana yi masa fadanci, kotunan tarayya da na jiha suna ba da umarni masu karo da juna. Ba ni da hurumin cewa wane ne sarki na halal. Abin da na gani shi ne gidan da a da kowane Bakano, ko wace jam'iyya yake, yake kallonsa a matsayin na kowa, yanzu an mayar da shi ma'aunin gane ɓangaren mutum, har ya zama idan ka ce Allah ya ja zamanin Sarki sai an tambaye ka wanne. 'Yan sanda sun hana hawan Babbar Sallah a 2024 saboda tsoron arangama, a shekarar da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Masu kayan doki, da maɗinka, da masu sayar da abinci, da masu masauki da ke jiran wannan lokaci duk shekara, babu wanda ya tambaye su asarar da suka yi.

Haka batun ayyuka. Asibitin Giginyu da asibitin yara na titin Gidan Zoo gwamnatin Shekarau ce ta fara su, suka zauna a yashe shekaru bayan ta sauka, sai a watan Disambar 2017 aka buɗe su bayan gwamnatin Ganduje ta kammala. Titunan kilomita biyar-biyar da gwamnatin Kwankwaso ta fara a ƙananan hukumomi, da yawansu sun zauna a rabi tsawon shekaru bayan 2015, haka wasu daga cikin makarantun koyon sana'a da ta kafa. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da sabuwar gwamnati, aka shiga rusau, aka rushe gine-ginen da aka yi a harabar tsohon Otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi, da shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne da waccan gwamnati ta rabar ba bisa ƙa'ida ba, kuma gaskiya ne mutane da yawa sun yi ƙorafin yanka filayen makarantu da masallatai da gefen badala tun lokacin da ake yi. Amma ɗan kasuwar da ya sayi shago da takardar gwamnati a hannunsa, ya wayi gari ya ga ɓaraguzai, wa zai kama? Babbar Kotun Tarayya ta umarci a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, kuma duk abin da za a biya, daga asusun jama'a zai fito, ba daga aljihun wanda ya raba filin ko wanda ya rushe ginin ba. Mai zaɓen da ya ga ana gini da kuɗinsa, ana rushewa da kuɗinsa, ana biyan diyya da kuɗinsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya yanke ƙauna.

Sannan akwai tambayar da kowa ke yi a zuci, ko ƙuri'ar ma tana da tasiri? A 2019 an ayyana zaɓen gwamna a matsayin wanda bai kammala ba a lokacin da ɗan takarar PDP ke gaba da tazarar ƙuri'a sama da 26,000, aka sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, musamman a mazaɓar Gama, cikin tashin hankalin da masu sa ido suka yi tir da shi, aka ayyana Ganduje da tazarar da ba ta kai 9,000 ba. A 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba ta ce Gawuna ne ya ci, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cire Abba, sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa. Wata goma ana zaman ɗar-ɗar, kasuwa na rufewa duk ranar da za a yanke hukunci. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa ya fi kowanne kashe gwiwa. A 2018 da 2021 APC ta lashe dukkan kujeru 44, a watan Oktoban 2024 NNPP ta lashe dukkan 44. A jihar da manyan jam'iyyu biyu ke raba ƙuri'a kusan daidai a zaɓen gwamna, babu mai hankalin da zai yarda cewa jam'iyya ɗaya za ta cinye kowace ƙaramar hukuma. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda suka kira na 2021 fashi su ne suka yi murnar na 2024, waɗanda suka kare na 2021 su ne suka kira na 2024 fashi, kuma babu wanda ya ji kunya.

Jam'iyyun ba su damu da raguwar masu zaɓe ba, domin tsarin bai tilasta musu su damu ba. Kundin tsarin mulki na 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, PDP kuma ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40, kafin a zo ga abin da ake kashewa a kan daliget. Malamin makaranta ko likitan da unguwa ta yarda da gaskiyarsa ba shi da hanyar shiga sai ta ƙofar ubangida, kuma wanda ubangida ya tsayar, ubangida zai yi wa biyayya. Bayan an ci zaɓe kuma, sashe na 68 da na 109 sun ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa zai rasa kujerarsa, amma sun bar ƙofa a buɗe idan jam'iyyarsa ta rabu, kuma babu jam'iyyar da ba za a iya ƙirƙiro mata rabuwa ba. Gwamna kuwa babu abin da ya hana shi ɗaukar ƙuri'ar da aka ba shi a wannan jam'iyya ya kai ta waccan. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka: Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a 2019 saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, a 2021 ya koma APC ɗin.

Wutar nan tana da masu hura ta, kuma sana'a ce. Kowa ya san sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili a gidajen rediyo da daddare su zagi wanda aka umarce su su zaga, gobe idan ciniki ya canja su koma yabonsa da irin muryar da suka zage shi. Yanzu an samu ƙannensu a Facebook da TikTok, waɗanda ladansu kuɗin data ne. Ba a tattauna kasafin kuɗi a waɗannan filaye, ana tonon asiri ne da gori da ambaton iyaye. Yaron da ya tashi yana jin wannan kowane dare zai ɗauka ita ce siyasa, kuma daga nan zuwa ɗaukar gora da wuƙa a bi ayarin ɗan takara tafiyar ba ta da nisa. Ina kuma roƙon malamanmu, da dukkan girmamawa, su duba abin da ya faru a 2023, lokacin da aka hau mumbari ana nuna wa mutane wanda za su zaɓa, wasu har suna alaƙanta zaɓin da imanin mutum. Malami yana da 'yancin ra'ayinsa kamar kowa, amma idan ɗan takarar da ya tsaya wa ya gaza, ba ɗan takarar kaɗai ke zubewa a idon jama'a ba, kuma al'ummar da ta rasa sarki na kowa ba za ta iya jure rasa malami na kowa ba.

A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Mai jar hula da mai hular APC layi ɗaya suka bi a gidan mai, farashi ɗaya suka sayi kwanon masara a Dawanau. Na yi tsammanin wannan wuya za ta haɗa kansu su tambayi gwamnatocin tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi ina ƙarin kuɗin da ake rabawa duk wata tun bayan cire tallafin yake tafiya. Maimakon haka sai aka koma jayayyar laifin wane ne, wannan ya ce ku kuka zaɓo mana shi, wancan ya ce naku gwamnan me ya yi da nasa kason, kowa yana kare ubangidansa da yunwa a cikinsa.

Ga 'yan'uwana da suka ajiye katinsu a ƙasan akwati, na fahimci dalilinku, amma lissafin ba ya goyon bayanku. Na tsaya a rumfarmu a zaɓen da ya wuce na ga yadda ake yi: wata mata zaune a zauren wani gida kusa da rumfa, da buhu a gefenta, duk wadda ta dangwala ta nuna wa wakili sai a ba ta 'yar takarda ta shiga zauren ta fito da taliya biyu da sabulu a ƙarƙashin hijabi. Rumfar da ke da mutum ɗari bakwai a rajista, idan ɗari biyu kaɗai suka fito, wanda ya sayi ɗari da ɗaya ya gama, kuma wannan kuɗi ne da ɗan takara zai iya biya. Idan ɗari shida suka fito, cinikin ya fi ƙarfin buhun taliya. Duk wanda ya zauna a gida ya rage wa mai sayen ƙuri'a tsada ne, ya kuma bar hukunci a hannun 'yan a-mutun ɓangarori, waɗanda su ba sa fashin zaɓe. Takardar zaɓe ba ɗaya ba ce, akwai ta gwamna, da ta ɗan majalisar jiha, da ta wakilai, da ta sanata, kuma babu dokar da ta ce sai an yi sak. Mutum yana iya zaɓen gwamna daga wannan jam'iyya, ya zaɓi ɗan majalisar da zai sa masa ido daga waccan.

A ƙarshe, Malam Edita, ina da buƙata a wurin wannan jarida, domin ku ma kuna da hannu a yadda ake tattauna siyasa. Yawancin labaran siyasar da muke karantawa wane ya mayar wa wane martani ne, ko wane ya fice da magoya baya dubu kaza, adadin da babu wanda ya ƙirga. Ina roƙon ku ware shafi guda a kowane wata ku buga abin da Jihar Kano da kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumominta 44 suka karɓa daga asusun tarayya, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sannan ku tura wakilanku su gano mana ko ana bin wannan hukunci. Ku adana alkawuran da kowane ɗan takara ya yi da bakinsa, da ranar da ya yi su, ku dawo da su gabansa bayan shekara biyu. Idan ɗan siyasa ya sauya sheƙa ya zo ku yi hira da shi, ku tambaye shi manufa guda ɗaya da sabuwar jam'iyyarsa ta bambanta da tsohuwar a kanta, kuma idan ya kasa amsawa ku buga cewa an tambaye shi ya kasa. Ku kuma ba waɗanda ba su yi zaɓe ba fili su faɗi dalilinsu da bakinsu, tun da su ne suka fi yawa a jihar.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida albarka, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Ƙaramar Hukumar Dala, Jihar Kano.